Babi na Bakwai: Ƙwallayen da Suka Tashi Kai Ɗaya

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, in sanyi ya ja baya, zafi ya kankama, ƙura ta tsaya a sama ta ƙi sauka, duk uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai a Maraɗi wuyansa take fara taɓawa. In ta ji ya sanƙare, ba ta jiran gari ya waye. Sanƙarau ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya shata yankin da cutar ke kai wa farmaki da rani, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, mu kuwa muna tsakiyarsa. A annobar 1996 mutum wajen 250,000 suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka riga mu gidan gaskiya. A 2015 Nijar kaɗai ta ƙirga kusan mutum 8,500 da suka kwanta, sama da 500 ba su tashi ba.

Sunan cutar ɗaya ne, amma ƙwayoyin da ke kawo ta iri-iri ne. Akwai mai lamba A, wadda rigakafin MenAfriVac ya karya wa lago bayan an fara shi a 2010. Akwai C, wadda ta yi ɓarnar 2015, akwai W, akwai kuma wasu da ba ma dangin waɗannan ba ne. Hukuma ba ta iya yin odar rigakafi sai ta san wace ce ta shigo gari, kuma kowace rana da aka ɓata ana jiran amsa, rayuka ne.

Na taɓa tsayawa a bayan wani ma'aikacin ɗakin gwaji ina kallon yadda ake samun wannan amsa. An kawo masa ruwan da aka zuƙo daga ƙashin bayan wani yaro, ruwan da ya kamata ya zama garau, amma ya yi dusu-dusu kamar ruwan wankin shinkafa. Ya ɗumama shi, ya juya shi a na'ura har datti ya kwanta, sannan ya ɗauko wani kati mai da'irori. A kowace da'ira ya ɗiga ruwan yaron, ya ɗiga wani ruwa daga ƴan kwalabe da ya fito da su daga firij, kowace da lambarta. Ya gauraya da tsinke, ya ɗauki katin yana lilo da shi a hankali, yadda mace ke kaɗa faifai. Bayan ƴan mintoci ya ce, "Malam, matso ka gani." Duk da'irorin sumul suke, ban da guda, wadda ta yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke. Ya nuna ta da tsinken ya ce, "Ga mai laifin nan."

Abin da ke cikin waɗannan kwalabe shi ne maganar wannan babi. Ƙwallaye ne na roba, ƙanana ƙwarai, an shafa wa kowanne sinadarin garkuwar jiki wanda ya san fatar ƙwayar cuta iri ɗaya tak. Shi wannan sinadari hannu biyu gare shi. In ya tarar da abin da ya sani, sai ƙwallo ya kama ƙwallo, wancan ya kama na kusa da shi, har su taru su zama gudajin da ido ke gani. In bai tarar ba, kowa ya ci gaba da yawonsa. Amma dabarar ba ta tafiya daidai sai ƙwallayen sun kasance kai ɗaya. In da manya a ciki, za su riga sauran kwanciya, su yi kama da gudaji alhali babu cuta. Ƙwallon da ya ninka ɗan'uwansa faɗi sau biyu ya fi shi nauyi sau takwas, yana kuma nutsewa da sauri ninki huɗu. Yin abu ƙarami ba shi ne wuya ba, ai hayaƙi ma ƙanana ne, ƙurar bazara ma haka. Wuyar ita ce a yi biliyoyi, babu wanda ya fi wani.

Ma'aunin da ake auna su da shi mikron ne, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gashin kai yana kai mikron 70. Jan ƙwayar jini 7 zuwa 8. In ka jera ƙwallaye dubu masu mikron 2, tsawon layin bai wuce faɗin ƙwayar gero ba, kuma giram ɗaya nasu ya ƙunshi sama da biliyan 200.

Robar da aka fi yin su da ita sunanta polisitirin, ita ce farin soson nan mara nauyi da ake tokare talabijin ko firij da shi cikin kwali. Asalinta wani ruwa ne mai kaifin wari, sitirin, wanda yau daga man fetur ake samo shi. Kowace ƙwayar sitirin kamar zobe ɗaya ce. In aka sa zobban suka kama juna ɗaruruwa, dubbai, sai su zama sarƙa, tarin sarƙoƙin nan kuwa shi ne roba. Wani mai haɗa magani a Balin, Eduard Simon, ya ga ruwan ya daskare masa a 1839 bai san dalili ba, sai a 1920 Hermann Staudinger ya fito da bayanin sarƙar.

Ƙwallaye masu kai ɗaya kuwa, da farko tsintuwa aka yi. A 1947 kamfanin Dow na Amurka ya dafa wata tukunyar roba, masu bincike biyu, Robert Backus da Robley Williams, suka duba ta da madubin lantarki mai ƙarfi suka ga abin mamaki: kowane ƙwallo faɗinsa kusan mikron 0.26, kamar an yi su da awo. Nan da nan masu irin wannan madubi suka mai da su ma'auni. A 1956 likitoci biyu a Niyok, Jacques Singer da Charles Plotz, suka shafa musu sinadarin jini suka gwada amosanin gaɓɓai da su. Katin da na gani a hannun ma'aikacin nan jikan wannan aiki ne.

Sai dai hanyar da ake bi a yi waɗannan, wato cikin ruwa da sabulu, ba ta cika ba da ƙwallon da ya wuce mikron ɗaya ba. Akwai wata hanyar kuma, inda ake kaɗa sitirin cikin ruwa kamar yadda mai ke tsinkewa ɗigo-ɗigo a miya, wadda ke ba da manya, daga mikron hamsin zuwa sama, amma gauraye, sai an bi su da rariya. Tsakanin mikron 1 da 10 aka bar gurbi, nan ne kuwa girman ƙwayoyin jikin ɗan Adam yake. An sha wahala a kan gurbin nan. Ayarin John Vanderhoff na Jami'ar Lehigh har sararin samaniya suka aika tukunyarsu cikin kumbon Columbia a 1982, don can babu nauyin da zai sa manyan ƙwallaye su nutse su manne. Waɗanda aka dafa cikin kumbon Challenger a 1983, masu mikron 10, hukumar awo ta Amurka ta fara sayar da su a 1985, su ne haja ta farko da aka ƙera a sama aka sayar a ƙasa. Shi kuwa John Ugelstad na Trondheim a Nowe, tun ƙarshen shekarun 1970 ya samo hanyar kumbura ƙananan ƙwallaye mataki-mataki har su girma, ƙafarsa na ƙasa. Aikinsa ya yi kyau, amma hanyar doguwa ce, tana son gwaninta.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce mafi sauƙinsu, wadda zan kira girkin tukunya ɗaya. Masu haɗa fenti na kamfanin ICI a Ingila ne suka raine ta a shekarun 1960. A shekarun 1980 Almog da abokansa a Isra'ila, sannan Lok da Ober a Kanada, sannan mutanen Lehigh, suka nuna cewa in an yi ta cikin alkol tana cike gurbin nan daidai.

Abu huɗu ake zubawa. Etanol, wato alkol ɗin da ake goge fata da shi kafin allura, shi ne ruwan tukunya. Sai sitirin. Sai ɗan garin da ke kunna aikin in ya ji zafi, AIBN. Sai wani farin gari mai danƙo, PVP, wanda kowa ya taɓa gani ko bai san sunansa ba, domin shi ne ke riƙe aidin cikin Betadine da ake shafa wa rauni. A busa iskar naitirojin a kori iskar shaƙa, don tana kashe aikin. A toshe, a dasa tukunyar cikin ruwan zafi mai digiri 70, a riƙa juyawa a hankali. Da farko komi ya narke, ruwan garau kamar na rijiya. Ba a jima ba sai ya yi shuɗi-shuɗi, sannan ya koma fari fat kamar madara. A bar shi ya kwana ya wuni.

Sirrin yana cikin waɗancan mintocin da launi ke sauyawa. Zobe ɗaya na sitirin yana narkewa a alkol, amma sarƙa ba ta narkewa. Da sarƙa ta kai wani tsawo, sai ruwan ya ƙi ta, ta naɗe kanta, ta nemi ƴan'uwanta su dunƙule. Da za a ƙyale su, haka za su yi ta dunƙulewa har su zama curi guda a gindin tukunya. Abin da ke hana haka, duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi. In almajiri zai haɗa tawada, yakan kankaro baƙin tukunya ko ya niƙa gawayi, amma in da ruwa zalla ya dama, kafin ya gama fiƙe alƙalami baƙin ya kwanta, ruwa ya taso sama. Sai ya jefa ƙaro. Ƙaron ya lulluɓe kowane ɗan ƙurar baƙin da riga mai gashi-gashi, in biyu suka matso rigunansu su tokare juna. PVP ƙaron wannan tukunya ne. Yana manne wa ƴan dunƙulen tun suna jarirai, wani ma ya ɗinke da sarƙar kanta, da zarar rigar ta rufe jiki sai haɗuwa ta tsaya. A wannan lokaci ko kashi ɗaya cikin ɗari na sitirin bai ƙare ba, amma an riga an yanke yawan ƙwallayen da za a samu.

Daga nan ba a sake haihuwar wani. Duk sabuwar sarƙar da ta kunno kai, kafin ta yi tsawon kafa gidanta wani ƙwallo ya cafke ta. Ƙwallayen kuma suna shan sitirin su kumbura, aikin ya ci gaba a cikinsu. Manomin Tibiri da ya yi binne ya san wannan lissafi: iri yana ƙasa yana jira, ruwan farko ya sauka dare ɗaya, gona ta tsiro rana ɗaya, ta tashi kai ɗaya. Wanda aka bi daga baya aka cike gurbi da shi, har a yi girbi ba ya kamo na fari. Haihuwa ta zama gajeruwa, reno ya zama dogo, kowa ya ci daga akushi ɗaya, iyakar dabarar ke nan. Shi ya sa ɗan abu kaɗan ke sauya sakamako. Ƙara PVP, ƙwallaye su yi yawa su ƙanƙance. Ɗiga ruwa cikin alkol, sarƙa ta gaji da wuri, su ƙara ƙanƙancewa. Bari zafi ya yi hawa da sauka a rabin sa'ar farko, ka sami yaya da ƙanne a tukunya guda.

To, an samu kai ɗaya, saura ƙarfi. Masu like rufin kwano sun san abin da ke faruwa in aka jefa farin soson kwali cikin fetur: yana narkewa nan take ya zama danƙo. Dalili, sarƙoƙin a kwance kawai suke kan juna kamar taliya, ba abin da ya ɗaure wannan da waccan, mai na shiga tsakani sai kowace ta kama gabanta. Tayar mota kuwa ko ta kwana cikin fetur sai dai ta kumbura, ko a wuta sai dai ta ƙone, ba ta zama ruwa kamar leda. An ɗaure sarƙoƙinta da juna a gicciye, ta zama raga guda. Mu a Maraɗi ba sai an kai mu nesa ba. Fatar jar akuyar nan da sunan garinmu ya bi ta duniya, in ɗanya ce ruɓewa take, in ta bushe ta yi ƙarau. Na tambayi wani dattijo a majema me bagaruwa ke yi mata, ya ce, "Ɗana, kama ta take yi ta ciki." Bai yi kuskure ba. Sinadarin bagaruwa yana shiga tsakanin zaruruwan fata ya riƙe wannan ya riƙe wancan. Irin ɗaurin ya bambanta da na roba, amma hikimar ɗaya ce.

Bagaruwar polisitirin sunanta DVB. Kamar sitirin take, illa ita tana iya shiga sarƙa biyu a lokaci guda, ta zama gada tsakaninsu. Sai mutum ya ce ai shi ke nan, a zuba ta tare da sauran. Nan aikin ya yi shekaru yana cije wa masana. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ba a kai ba sai tukunya ta lalace: wasu ƙwallaye su fito da ƙusumbi, wasu a lotse, wasu manya wasu ƙanana, sau da yawa ma duka su cure. DVB ta fi sitirin saurin kamawa, saboda haka ita ke rigan kowa shiga cikin jariran. Tana ɗaure su tun ba su yi ƙwari ba, ta ƙulle PVP a ciki ya kasa fitowa bayan jiki inda ake bukatarsa. Jariri ya tashi ba riga, ga shi kuma ya yi tauri ba ya iya shan sitirin ya kumbura. Sababbin sarƙoƙi su rasa mai karɓarsu, su kafa nasu gida, a koma gidan jiya.

Maganin da ya fi karɓuwa ya fito daga Jami'ar Toronto a 2004, daga Song da Tronc da Mitchell Winnik, kuma ba sabon sinadari suka ƙirƙiro ba. Lokaci suka sauya. Suka fara tukunyar ba DVB, suka jira har ruwan ya yi fari, haihuwa ta ƙare, kowa ya sa rigarsa, sannan suka zuba ta, narke cikin ƙarin alkol da sitirin masu ɗumi. Ƙwallayen suka fito kai ɗaya, a ɗaure. In ana son ɗauri mai yawa, sai a riƙa ɗiga ta kaɗan-kaɗan cikin sa'o'i. Duk macen da ta iya tuwo za ta gane wannan: sai talge ya dahu ake barbaɗa gari, in aka juye shi tun farko gudaji za a kwasa. A ganina wannan shi ne darasi mafi daraja a fannin, domin ya nuna cewa wanda ya fahimci abin da ke gudana cikin tukunya ya fi wanda ya tara kayan tsada. Akwai kuma wata hanyar da Li da Stöver suka nuna a Jami'ar McMaster a 1993, inda DVB zalla ake dafawa cikin wani ruwa daban ba tare da ƙaro ba, sai dai tukunyarta tsararo ce, abin da ake kwasa kaɗan ne.

Ƙwallayen katin sanƙarau yawanci ba su kai mikron ɗaya ba, ta tsohuwar hanyar sabulu ake yin irinsu. Masu mikron ɗaya zuwa goma, ɗaurarru, aikinsu wani ne. Da su ake saita na'urorin ƙirga ƙwayoyin jini, domin na'ura ba ta sanin mikron biyar sai an nuna mata abin da yake mikron biyar. Ana rina su launi-launi, kowane launi da nasa sinadarin garkuwa, a nemi alamun cututtuka da yawa cikin ɗigon jini ɗaya, kamar yadda ake yi da ƙwallayen Luminex masu mikron 5.6. Ana cusa musu ƙurar ƙarfe a jawo su da maganaɗisu, su fito riƙe da abin da ake nema, dabarar da ta yi aiki sosai a gwajin korona. Ana cika bututun tace magunguna da su. Ko yaron da ke gyaran salula a bakin babbar kasuwa yana taɓa su bai sani ba: cikin siririn tef ɗin da ke haɗa gilashin waya da wayoyinta akwai ƙwallayen roba masu ƴan mikron, an shafe su da nikel ko zinariya, su ne ke ɗaukar wuta. In ɗaya ya fi sauran girma, sauran ba za su taɓa ba.

Ba na son a ɗauka abin ba shi da illa. Ɗaurarriyar roba ba ta ruɓewa. Mahautanmu sun san yawan ledar da suke cirowa daga tumbin akuya, wannan kuwa ledar da ido ba ya gani ce. Amurka ta hana zuba irin waɗannan ƙwallaye cikin sabulun wanke fuska a 2015, Tarayyar Turai ta faɗaɗa hanin a 2023. Wurinsu ɗakin gwaji ne, inda ɗigo ɗaya ke ceton rai, ragowar kuma a tace a ƙone yadda ya dace, kada a tuttular a kwata.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk ƙwallon da ake amfani da shi a ƙasar nan daga waje ya zo, cikin sanyi, da kuɗin waje, da ranar lalacewa a jikin kwali. Ba na cewa gobe za mu haɗa katin sanƙarau a Maraɗi, don shafa sinadarin garkuwa da tabbatar da ingancinsa wani dogon aiki ne mai dokoki. Amma bincike mai nauyi ba baƙonmu ba ne. Cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF tana nan garin. A gundumar Madarunfa aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi, a can kuma aka yi gwajin 2017 da ya nuna cewa raba maganin sifurofuloksasin ga ƙauye gaba ɗaya yana rage yaɗuwar sanƙarau. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana da sashen kimiyya, tana da na lafiya. Girkin tukunya ɗaya kuwa ba ya bukatar kumbo. Yana son tukunyar gilashi mai baki uku, da ruwan zafi mai tsayayyen awo, da tulun naitirojin, da firij don AIBN ba ya son zafi, da wurin da ke zuƙe tururi don sitirin guba ne kuma yana kama wuta, da lantarkin da ba zai ɗauke ba har awa 24, abin da faifan sola da batir za su iya.

Alƙalin aikin ma yana hannunmu. Madubin da ake duba zazzaɓin cizon sauro da shi yana ganin ƙwallo mai mikron biyu sarai. A ɗiga ruwan a gilashi a bar shi ya bushe. In ƙwallayen kai ɗaya ne, da kansu za su jeru, kowanne da maƙwabta shida, kamar saƙar zuma. In ba kai ɗaya ba ne, za ka ga tarkace kamar tsakuwar gulbi. A ɗiga musu tolwin, wani ruwa mai narkar da roba kamar yadda fetur ke yi: waɗanda ba a ɗaure ba su ɓace, ɗaurarru su kumbura su tsaya.

Kai ɗalibin kimiyyar sinadarai da ke neman abin da za ka rubuta kundinka a kai, ka kai wa malaminka wannan magana, ku fara da tukunyar da ba DVB. Ka rubuta minti nawa ruwan ya ɗauka kafin ya yi fari, da zafin da yake kai a lokacin. Sai kun ga saƙar zuma a madubi sau uku a jere, sannan ku buɗe kwalbar DVB.